Lambuna a kan yashin Tarawa

6 Janairu 2024

Yau na sa hannu a aikin lambu a bayan ɗakin da nake haya a Bikenibeu, kuma in Allah ya yarda zan riƙa rubuta yadda ake ciki da abun da na kashe. Ga wanda bai san inda nake ba, Tarawa ta Kudu ce, babban birnin ƙasar Kiribati, can tsakiyar tekun Fasifik. Lissafi nake koyarwa a wata sakandare. Daga Nadi ta ƙasar Fiji jirgi na cin kusan awa uku kafin ya sauka a filin Bonriki, kuma agogonmu na gaban na Najeriya da awa 11, lokacin da nake shirin kwanciya ku kuna tsakiyar hidimar safe.

Abun da ya kai ni ga lambu ganye ne. Kifi kam ba a magana, da yamma mata na jera shi a bakin titi ɗanye shar kuma da arha. Shinkafa da fulawa da sukari da naman gwangwani sun cika kantuna. Amma albasa, kabeji, karas, dankali, duk sai jirgin ruwa ya kawo su tashar Betio, in jirgin ya yi latti sai ka zaga kanti bayan kanti babu albasa ko ɗaya, in kuma ya zo kabeji guda sai ya ci maka kuɗin cefanen kwana biyu. Ni a Kura na taso, a cikin masu noman rani, zama ba miyar ganye ya fara damuna sosai.

Matsalar farko ƙasa ce, ko ince babu ƙasar ma. Tsibirin gaba ɗayansa murjani ne da ya farfashe ya zama farin yashi, faɗinsa a wasu wuraren kana tsaye a titi kana hango ruwa hagu da dama, tsayinsa daga teku bai wuce mita biyu zuwa uku ba. In ka zuba ruwa a yashin nan wucewa yake kamar ka zuba a rariya. Saboda haka ba a ƙasa zan shuka ba, a duro zan shuka.

Na sayi duron roba guda biyu masu lita 200, dala 30 kowanne (dalar Ostareliya suke amfani da ita). Bututu mita uku dala 12. Zarto na ara.

9 Janairu

An raba durorin a tsaye, na samu kwami huɗu. Na huda kowanne a gefe, kamar taƙi ɗaya daga gindi, don rarar ruwa ta fita. Tsarin shi ne ƙasan kwamin ya zama ma'ajiyar ruwa, in cika shi da ɓawon kwakwa, in shimfiɗa tsohon buhu a kai, sannan ƙasar shuka ta hau sama, bututu kuma a tsaye a kusurwa ta nan zan riƙa zuba ruwa, saiwa ta riƙa jawo shi daga ƙasa.

13 Janairu

Akwai wata dattijuwa da gidanta ke manne da nawa, ni dai Iya nake ce mata, jikarta ke mana tafinta. Tun ranar da taga ina yanka duro take leƙowa. Yau ta kira ni tace in biyo ta, ta kai ni wajen ramin babai na danginsu. Babai ɗan uwan gwaza ne amma ƙato, ganyensa ya fi ni tsayi. Rami suke haƙawa har su tarar da ruwan daɗi da ke kwance a ƙarƙashin yashi, su dasa shi a cikin taɓo, su saƙa masa wani kewaye da ganyen bishiyar da suke kira te kaina, su riƙa ɗura masa ganye da baƙar ƙasa a ciki shekara da shekaru. Ba abincin kullum bane, sai biki ko babban taro ake tonowa.

Na daɗe a tsaye a bakin ramin nan. Mutanen da Allah bai ba su ƙasar noma ba su suka zauna suka ƙera ta da hannunsu, ganye bayan ganye, kuma kowane gida na da nasa sirrin haɗin da ba kowa suke faɗa wa ba. Iya ta nuna min bishiyoyi biyu, te uri da te ren, tace busassun ganyensu da baƙar ƙasar da ke gindinsu zan tara. Tace kar in ɗebi yashin bakin teku ko kaɗan.

Su kashin alade suke haɗawa da shi. Nace mata Iya wannan kam ba zan iya ba saboda addini, ba ta ja maganar ba, sai tace to kashin kaji da kayan cikin kifi, amma in binne kifin da zurfi saboda karnuka.

20 Janairu

Sati guda ina tara ganye da buhu. Kashin kaji buhu biyu dala 10 daga wajen wani mai kiwo ta wajen Temaiku, bas ta ɗauko min, kwandastan ya karɓi kuɗin mutum ɗaya kan buhunan. Na yi tulin taki a gindin gwanda na rufe da ganyen kwakwa. Ciyawar teku da na kwaso na baza ta a kan kwano ruwan sama ya wanke gishirin tukunna.

Ruwan sama kuwa bana sai hamdala, tankina a cike yake yana zuba. Abokan aiki sun ce shekarar El Nino ce shi yasa, wato lokacin da ruwan tekun wannan yankin ke ɗumama fiye da yadda aka saba, a nan in ana El Nino ruwa ake yi sosai, in kuma kishiyarta La Nina ta zo sai fari. A 2022 farin ya kai gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a watan Yuni, rijiyoyi suka koma zartsi. Ruwan famfo daga ƙarƙashin ƙasar Bonriki da Buota ake jawo shi kuma ba kullum yake zuwa ba, mutum sama da dubu 63 ne a Tarawa ta Kudu a ƙidayar 2020, fiye da rabin ƙasar, duk a kan wannan siririn yashin. Don haka tun yanzu na ɗaura niyya lambun nan ba zai taɓa shan ruwan famfo ba, na sama kawai da wanda na wanke shinkafa da shi.

27 Janairu

Cika kwami. Takin bai gama ruɓewa ba amma ya yi baƙi ya daina zafi. Kashi biyu taki, kashi ɗaya baƙar ƙasar gindin bishiya.

Kwami na ɗaya alayyahu, a nan ma suna da shi. Na biyu kabejin Sin da kokwamba. Na uku tumatir da barkono. Na huɗu reshe shida na wani ganye da Iya ta yanko min, nambere suke ce masa, tace in soka kawai zai kama. Zogale reshe biyu a ƙasa jikin shinge, a rami mai cike da ɓawon kwakwa, na samo a gidan wani malami, yana da shi tun tuni amma ba sa ci sosai. Kabewa ma a ƙasa. Iri duka dala 14.

Wani ɗan uwa yace zai aiko min da irin yakuwa da rama ta gidan waya, nace dan Allah ya bari. Ba a shigo da iri ko tsiro sai da izini, kuma ni naga dalilin dokar da idona, akwai wani ƙwaro da ya shigo daga waje tun da daɗewa yana huda babai a ramukan Tarawa har yau ba a rabu da shi ba. Tsibiri ƙarami in cuta ta shigo babu inda za a gudu.

3 Fabrairu

Alayyahu ya fito, kokwamba ya fito. An koma makaranta, yanzu sai asuba da yamma nake duba su.

7 Fabrairu

Na tashi na tarar an datse kokwamba uku daga gindi, kabejin ma an yi masa aski. Da daddare na fito da tocila, ashe kaguwa ce, irin ta tudu masu haƙa rami a yashi, da wasu ƙanana masu yawo da ƙwanso a bayansu, ta jikin ganyen kwakwar da na jingina suke hawa. Ɓeraye ma akwai. Na janye duk abun da ke taɓa durorin, wani masunci ya ba ni tsohuwar koma na zagaye wajen da ita na danne gindinta da duwatsu. Na sake shuka kokwamba.

12 Fabrairu

Jama'a teku ta shigo min lambu.

Tun ranar Juma'a ake ta cewa ruwa zai cika sosai saboda tsayuwar wata, kuma wannan karon watan yana kusa da duniya, irin wannan cikar ta fi kowacce girma. Gidana ta ɓangaren ruwan ciki yake, wanda tsibiran suka kewaye, yawanci a kwance yake lumui. To jiya da yamma cikar ta haɗu da iska mai ƙarfi daga yamma, kafin magariba ruwa ya tsallako katangar duwatsun da mai gidan ya jera, abun da ya fi ba ni tsoro ma shi ne wanda ya riƙa ɓuɓɓugowa daga cikin ƙasa ta ramukan kaguwa, a tsakar gida, nesa da bakin ruwa. Ya kai min idon sawu. Durorin a ƙasa suke zaune, ruwan gishiri ya shiga ta hudar da na yi a gefe ya cika ma'ajiyar kwami uku. Na huɗu yana kan ɗan tudu ya tsira. Tulin taki rabinsa ya tafi, sauran ya jiƙe da gishiri.

Yau da safe alayyahu ya kwanta kamar an zuba masa tafasasshen ruwa, kabewa ta ƙone, zogale ɗaya ganyensa ya yi baƙi ta ɓangaren da iska ta bugo. Wallahi raina ya ɓaci, na kasa karyawa. Amma da na leƙa gidan Iya jikina ya yi sanyi, ruwa ya shiga madafinsu ya kashe murhu, rijiyarsu ta zama zartsi, suna ta shanya tabarmi, ita kuma tana zaune tana saƙa abunta. Jikar tace min haka suke gani duk shekara a irin wannan lokacin, sai dai wata shekarar ta fi wata. Ni in kwantiragina ya ƙare jirgi zan hau, su nan ne gida, nan kakanninsu ke kwance a bakin ƙofa, don a nan a cikin gida ake binne mutum. Na ba su bokiti shida daga tankina nace su riƙa ɗiba har rijiyar ta dawo.

Abun da na yi wa kwaman: na karkata kowanne na zubar da ruwan ƙasan, na riƙa kwarara ruwan tanki ta sama yana fita ta huda, ina ɗanɗanawa da harshe har na daina jin gishiri. Ya ci min kusan kwatan tanki.

14 Fabrairu

Ruwan sama kamar da bakin ƙwarya tun dare. Ya taya ni wanki.

18 Fabrairu

Alayyahu ya tafi duka, kabejin Sin ma. Tumatir biyu cikin biyar sun miƙe. Barkono na nan. Nambere ko a jikinsa, har sabon ganye ya fitar.

Na sayi bulo 16, dala 3 kowanne, dala 48 kenan, tsada amma siminti daga waje yake zuwa. Katakon ɗora kaya guda biyu na samu kyauta a bayan wani kanti a Betio. Yanzu kowane kwami ya tashi daga ƙasa ya kai gwiwa, kuma na matsar da su bayan tanki inda iskar yamma ba ta bugowa kai tsaye. Wasu ɗalibaina biyu suka taya ni ɗagawa, da ƙasar a ciki ba ƙaramin nauyi bane. Na sake shuka alayyahu da kabeji da kabewa.

Da naje Betio na tsaya wajen manyan bindigogin da Japanawa suka bari a bakin teku tun yaƙin Nuwamba 1943 da suka gwabza da Amurkawa, sun yi tsatsa yara na wasa a kansu.

Jimlar abun da na kashe zuwa yau dala 144.

2 Maris

Sabuwar matsala, sabbin ganyen barkono da tumatir suna fitowa rawaya, jijiyoyin ne kawai kore. Tsofaffin ganyen lafiya lau. Wani jami'in gona da 'yarsa ke ajina ya biyo ya duba yace ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, wai yashin murjani alli ne zalla, yana ɗaure ƙarfen saiwa ta kasa sha ko da akwai shi a ƙasar, kuma baƙar ƙasar da na ɗebo ma akwai yashin a cikinta. Iya tace in binne gwangwanaye masu tsatsa, haka suke yi wa bishiyoyinsu tun da. Shi kuma yace gwangwani na taimakawa amma a hankali, taki ruɓaɓɓe sosai shi ne maganin, in kuma ina sauri akwai garin ƙarfe da ake jiƙawa a fesa wa ganye. Na yi duka ukun. Ya ɗan ɗibar min garin a leda bai karɓi ko sisi ba, yace da yamma zan fesa kuma kar ya yi kauri don yana ƙona ganye.

9 Maris

Ganyen da ke fitowa yanzu kore ne. Sabon tulin taki na ɗora shi a kan tsohon kwano a saman duwatsu.

12 Maris

An sake babbar cika jiya da shekaranjiya, ruwa ya shigo tsakar gida amma bai kai na watan jiya ba don babu iska, ya wuce ta ƙarƙashin kwaman bai taɓa komai ba. Kabewar da ke ƙasa na yi mata tudu da ɓawon kwakwa, ta sha da ƙyar.

Yau na ɗauki azumi, gida tun jiya Litinin suka ɗauka, a nan ranar Lahadi har rana ta faɗi watan bai kai ga haihuwa ba. Azumin nan kusan awa 13 ne, dare da rana daidai suke duk shekara. Zafin bai kai na Kano a watan Afrilu ba amma gumi ba ya bushewa a jiki. Alƙibla a nan yamma ake fuskanta a ɗan karkata arewa. Ruwan ɗanyar kwakwa nake buɗe baki da shi, ɗan Iya ke sauko min da ita in ya hau yankan karewe, wato ruwan da suke tatsa daga furen kwakwa safe da yamma, yana sama yana rera waƙa. In sabo ne zaƙi gare shi, in ya kwana ya zama giya, in an dafa shi ya yi kauri shi ne kamaimai, shi nake sawa a kunu.

17 Maris

Na fara cin lambuna. Alayyahu dami ɗaya, da ganyen nambere. Jama'a nambere ɗan uwan kuɓewa ne, ganyen yana da yauƙi, na yanka shi ƙanana na dafa da kifi da barkono da sauran 'yar daddawar da nake ta lallaɓawa, na tuƙa tuwon shinkafa. Miyar yauƙi sosai, har tana jan zare. Ina ci ina hamdala. Na zuba a kwano na kai wa Iya, su da madarar kwakwa suke dafa shi, tuwon ya ba ta mamaki, barkonon ya yi mata yawa amma ta cinye.

23 Maris

Aladen wani maƙwabci ya tsinke igiya da rana ina makaranta, ya keta koma ya tone gindin kabewa da zogale ɗaya yana neman kifin da na binne. Kwaman da ke kan bulo bai kai gare su ba. Mai shi ya zo da kansa ya ba da haƙuri, washegari ya kawo sanduna ya taya ni kafa shinge na gaske. Ban ce ya biya komai ba. Waya dala 20, ƙusa dala 6.

Daga yau kayan cikin kifi a bokiti mai murfi zan riƙa jiƙa su, in sun ruɓe in tace in sirka da ruwa in zuba ta sama. Warin ba daɗi, na kai bokitin can ƙarshen fili.

30 Maris

Kokwamba huɗu. Kabejin Sin na cire rabi, na kai wa jami'in gonar nan biyu.

Tumatir na ta fure furen na zubewa, ko ɗa ɗaya babu. Dare a nan ba ya yin sanyi, kuma tumatir in bai samu sanyin dare ba ba ya ɗaure 'ya'ya, shi yasa a gida sai da hunturu yake yin albarka. Ance ƙananan nan masu kamar 'ya'yan kanya sun fi jurewa, su zan nema. Kabewa ita ma tana yin 'ya'ya suna rawaya suna faɗuwa, babu ƙudan zuma sosai a nan, Iya ta nuna min in tsinko namijin fure da sassafe in goga a cikin macen. Na yi wa uku.

6 Afrilu

Kabewa biyu sun kama. Ban ruwa, cire ciyawa, juya taki.

13 Afrilu

An yi sallah lafiya, Allah ya maimaita mana. Mu kaɗan ne, bayan mun idar muka ci abinci a gidan wani ɗan Fiji, na kai miyar zogale da gyaɗa, zogalen daga bishiyar da ta tsira, yanzu ta wuce kaina na datse mata kai don ta yi rassa.

Lissafi zuwa yau dala 170. In na ƙiyasta abun da na ci da wanda na bayar da farashin kanti bai kai rabin haka ba tukunna, amma duro da bulo da shinge ba za a sake sayensu ba, kuma nambere da zogale yanka kawai ake suna sake tohowa.

Ruwan sama ya fara ja da baya, ana ta maganar El Nino na ƙarewa, in fari ya biyo baya tanki ɗaya ba zai ɗauki sha da girki da lambu ba. Na yi magana da mai gidan kan mu sa indararo a ɗaya gefen rufin, yanzu ruwan gefen nan a banza yake zuba, yace in na sayi indararon shi zai kawo tsohon tankin da ke gidan ƙaninsa. Zan je Betio ranar Asabar in ji farashi. Tumatir zan tumɓuke shi in sa kuɓewa a kwamin in na samu iri a kanti. Shugaban makaranta kuma yace in kawo tsarin a rubuce, yana so ɗaliban aji uku su yi kwami shida a bayan ɗakin gwaje-gwaje zangon da ke tafe, na ce masa sai dai mu fara tara ganye tun yanzu don takin na cin wata biyu, kuma bulo za a fara saya kafin iri. Iya ta yarda za ta zo ta nuna musu haɗin takin da kanta, jikarta za ta yi tafinta.